Hayaƙin Sabuwar Fitila: Yadda Gobara ta Koya wa Ma'aikatan Dandamali Bambance Ƙauri

Duk wanda ya taɓa aikin haska dandamali ya san wannan lokaci. An sauke sababbin fitilu daga kwalayensu, an rataye su a ƙarfen da ke saman dandamali, an ja wayoyi, mai kula da allon sarrafa haske ya ɗaga maɓallin farko. Haske ya zubo fari tas. Bayan minti biyu ko uku sai wani ya ɗaga kai ya hangi siririn hayaƙi yana fita ta ramukan shan iska da ke bayan fitilar, yana murɗawa a cikin hasken. Sabon shiga yakan ruga ya kashe komai, zuciyarsa na dukan uku-uku. Tsohon hannu kuwa yakan matso a tsanake, ya dubi ta inda hayaƙin ke fitowa, ya shaƙi iskar wurin, kafin ya ce uffan.

Abin da tsohon hannun yake nema shi ne ya tantance wane hayaƙi ne daga cikin iri biyu. Akwai wanda ba komai ba ne illa man masana'anta da sabon fenti da ƙura suna ƙonewa a karon farko da zafi ya taɓa su. Akwai kuma wanda yake farkon gobara. A ido kusan kamarsu ɗaya. Ilimin raba su, da dokokin da aka kewaye shi da su, ba a ɗakin gwaji aka fara samo su ba. An same su ne a gidajen wasan kwaikwayo na Turai da Amurka a cikin shekaru kamar ɗari, kuma an biya kuɗinsu da rayukan dubban 'yan kallo.

Kafin ƙarni na 19, kyandir da fitilar mai su ne hasken dandamali, kuma hayaƙi abokin tafiyarsu ne, babu wanda yake mamakinsa. A gidajen wasa na Landan har akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne ya riƙa hawa dandamali ana tsakiyar wasa yana datse lagwanin kyandir domin ya rage baƙin hayaƙi. Iskar gas ce ta sauya lamarin. Gidan wasa na Chestnut Street da ke Filadalfiya ya fara amfani da ita a 1816, manyan gidajen Landan irin su Lyceum da Drury Lane suka biyo baya a 1817. A karon farko mutum ɗaya, yana tsaye gaban jerin famfuna, zai iya ƙara haske ko ya rage shi a duk faɗin dandamali, ya kawo alfijir ko almuru yadda wasa ya buƙata. Farashin wannan iko shi ne ɗaruruwan harsunan wuta tsirara: wasu a jere a bakin dandamali daidai ƙafafun 'yan wasa, wasu a tsaye a gefe, wasu kuma a rataye a sama cikin labulaye da allunan zane da aka shafe da fenti mai mai, ga igiyoyin rama busassu ko'ina.

'Yan rawa mata su suka fara ɗanɗana kuɗar wannan tsari, domin tufafinsu na yadi ne shara-shara da ba ya jure ko tartsatsi. A 1859 hukuma a Faransa ta wajabta a riƙa jiƙa tufafin wasa da wani sinadari mai hana kamawar wuta. Sinadarin yana sa yadi ya sandare ya kuma dushe, don haka da yawa daga cikin 'yan rawar suka ƙi shi. Emma Livry, wadda ake ganin ita ce tauraruwar da ke tasowa a gidan Opera na Faris, har takarda ta sa wa hannu cewa ta ɗauki alhakin duk abin da ya same ta. Ranar 15 ga Nuwamba 1862, ana gwajin wasa, gefen siket ɗinta ya taɓa fitilar gas. Ta yi jinyar ƙuna wata takwas, ta rasu a Yulin 1863 tana da shekara 20.

Sai kuma hasken farar ƙasa, wanda aka ƙirƙiro a shekarun 1820, ya kuma shiga gidan wasa na Covent Garden a 1837. Ana harba harshen wutar da aka haɗa da iskar oksijin da haidirojin a kan ɗan dunƙulen farar ƙasa har ya yi fari ƙal, ya ba da haske mai ƙarfin da za a iya bin ɗan wasa da shi duk inda ya nufa. A farkon zamaninsa a cikin jakunkuna ake ajiye iskokin biyu, a ɗora musu nauyi domin su fito da ƙarfi. In suka gauraya inda bai kamata ba, fashewa ce.

Jerin gobarar wancan zamani yana da tsawo, amma uku sun isa misali. A Brooklyn, ranar 5 ga Disamba 1876, gefen wani labulen zane ya taɓa fitilar gas ta sama. Ma'aikata suka yi ta bugun wutar da dogayen sanduna, 'yan wasa kuma suka ci gaba da magana kamar babu komai don kada jama'a su firgita. Aƙalla mutum 278 suka mutu. A Exeter ta ƙasar Ingila, ranar 5 ga Satumba 1887, gidan wasan da bai cika shekara guda da buɗewa ba ya kama ta wannan hanya, mutum 186 suka halaka, galibinsu a benen masu tikiti mai araha da ke da mafita guda ɗaya. A tsakanin waɗannan biyun ne aka yi wadda ta fi girgiza Turai.

Gidan wasa na Ringtheater da ke Biyana, babban birnin Ostiriya, yana da sabon tsarin kunna fitilun gas da tartsatsin lantarki, abin alfahari a lokacin domin ya kawar da buƙatar yawo da sanda mai wuta a ƙarshenta. Da yammacin 8 ga Disamba 1881, 'yan mintoci kafin a fara wasan Offenbach mai suna Tatsuniyoyin Hoffmann, aka kunna jerin fitilun sama, bai kama ba. Gas kuwa ya ci gaba da tsiyaya. Da aka sake gwadawa sai iskar da ta taru ta tashi gaba ɗaya ta lashi labulaye. Babu wanda ya sauke labulen kariya da ke raba dandamali da zauren 'yan kallo. Wani ya rufe babban famfon gas, abin da ya jefa ginin duka cikin duhu, fitilun mai na ko-ta-kwana kuma ba a kunna su ba. Ƙofofi ta ciki suke buɗewa, jama'a suka danne su da jikinsu. 'Yan sandan da suka leƙa ba su ji motsi ba, sai suka sanar cewa kowa ya fita, aka jinkirta ceto. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 384, wasu ƙididdigar sun haura haka nesa. Washegari aka kafa ƙungiyar agajin gaggawa ta sa-kai ta birnin.

A nan ne aka samo ƙa'idar farko da har yau take aiki: na'urar da aka kunna ta ƙi yin abin da aka sa ran za ta yi, ba a sake kunna ta sai an san dalili. Gwaji na biyu ne ya ƙone Ringtheater, ba na farko ba.

Kwana ashirin bayan wannan musiba, wani ɗan kasuwar wasan kwaikwayo a Landan ya yi abin da ya shiga tarihi. Richard D'Oyly Carte ya buɗe gidan wasansa na Savoy ranar 10 ga Oktoba 1881, da ƙwayayen fitila kimanin 1,200 irin waɗanda Joseph Swan ya ƙera, da injin samar da wuta a wani fili kusa da ginin. Da farko zauren 'yan kallo kaɗai lantarkin ya iya ɗauka. Ranar 28 ga Disamba aka haska dandamalin ma da shi. Carte ya fito gaban jama'a riƙe da ƙwan fitila mai ci, ya naɗe shi da ƙyalle shara-shara, ya fasa shi, hasken ya mutu nan take, ya ɗaga ƙyallen kowa ya ga ko ƙauri bai yi ba. Wasan talla ne, amma abin da ya nuna gaskiya ne: zaren da ke cikin ƙwan ba ya rayuwa da zarar iska ta shige shi. Birnin Brno, wanda yake gina sabon gidan wasa da niyyar sa gas, ya sauya shawara, aka buɗe ginin a 1882 da fitilun kamfanin Edison.

Sai dai nasarar Carte ta haifar da wani ruɗi, wato cewa lantarki haske ne marar wuta. Ƙwayayen farko ba su da ƙarfin da za su jefa haske daga nesa, saboda haka duk inda ake son haske mai kaifi, ko hasken farin wata, ko bin tauraro, fitilar gawayi ake kawowa. Sanduna biyu ne na gawayi da ake haɗa bakinsu sannan a ɗan raba, wutar lantarki ta riƙa tsallaka tazarar da ke tsakaninsu. Zafin wannan wuri ya haura digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyas. Sandunan suna cinyewa a hankali, dole mutum ya tsaya yana matso da su, suna huci, suna tofar da tartsatsi, suna fitar da hayaƙi. Wuta ce tsirara kamar ta gas, har ta fi ta zafi. Na'urorin rage haske ma ba su da dama: wasu tuluna ne na ruwan gishiri da ake nitsa farantin ƙarfe a ciki, ruwan ya riƙa tafasa yana fitar da iska mai shaƙe maƙogwaro, wasu kuma naɗaɗɗun wayoyi ne da ke mayar da rarar wuta ta zama zafi. Wayoyin kansu da roba da auduga aka lulluɓe su.

Kamfanonin inshora ne suka fara damuwa, domin su ke biya. A baje-kolin duniya da aka yi a Shikago a 1893, yawan tashin ƙananan gobara a rumfunan da aka ƙawata da lantarki ya sa aka ɗauko wani matashin injiniya, William Henry Merrill, ya binciki wayoyin. A 1894 ya kafa ɗakin gwajin kayan lantarki da daga baya ya zama Underwriters Laboratories, wanda tambarinsa na UL yake jikin kayayyaki da dama har yau. A 1897 aka fitar da kundin ƙa'idojin aikin lantarki na Amurka. Abin takaicin shi ne, a wannan birni na Shikago da aka haifi sana'ar gwajin kaya, a nan fitila ta yi ɓarnar da ba a taɓa yin irinta ba a gidan wasa a ƙasar.

An buɗe gidan wasa na Iroquois ranar 23 ga Nuwamba 1903, cikin gaggawa domin a riski cinikin ƙarshen shekara, kuma a takardun tallarsa an rubuta cewa wuta ba za ta taɓa cin sa ba. Kujerunsa kimanin 1,600 ne. Ranar Laraba 30 ga Disamba, makarantu na hutu, aka cika shi fiye da ƙima a wasan rana, har da masu tsayuwa da masu zama a kan matakala, yawancinsu mata da yara. Wasan barkwanci ne da kiɗa mai suna Mr. Bluebeard, wanda fitaccen ɗan wasa Eddie Foy yake ciki. Wajen ƙarfe uku da kwata, ana cikin kashi na biyu, maza takwas da mata takwas suna rawa a cikin shuɗin haske mai kwaikwayon farin wata. Hasken yana fitowa ne daga fitilar gawayi da ke kan wani ɗan dandali a gefe, hannun wani ma'aikaci mai suna William McMullen.

Fitilar ta yi tartsatsi, gefen wani siririn labule da ke kusa da ita ya kama. Da farko wutar ba ta fi tafin hannu ba, kuma da tafin hannun McMullen ya yi ƙoƙarin kashe ta, amma ta riga ta haura inda hannunsa ba ya kaiwa. Ma'aikacin kashe gobara na gidan ya zo da abin da aka tanadar masa: wasu bututun gwangwani cike da gari, waɗanda aka yi domin a watsa a gindin wutar murhu. Ya riƙa watsa garin sama, garin yana dawowa ƙasa. Babu yayyafin ruwa na sama, babu ƙararrawar kiran 'yan kwana-kwana a ginin. A saman dandamalin kuwa an rataye labulayen zane masu ɗimbin yawa, jere kusa da juna kamar shafukan littafi.

Foy ya fito gaban dandamali da rabin kwalliyarsa, yana roƙon jama'a su natsu, ya ce wa makaɗa su ci gaba, ya yi kira a sauke labulen asbesto. Labulen ya taho, sai ya maƙale kafin ya kai ƙasa, domin wani abin mayar da haske na jerin fitilun gefe ya turo kai cikin hanyarsa. Wato kayan haske ne suka tayar da wutar, kayan haske ne kuma suka hana a tsare ta. Tagogin rufin dandamali da aka yi domin hayaƙi ya fice ta sama a rufe suke gam, ba a ƙarasa aikinsu ba. Da 'yan wasa suka buɗe babbar ƙofar baya don su tsira, iskar hunturu ta kwararo ciki, ta tura dunƙulen wuta ta ƙarƙashin labulen zuwa benaye, inda ramukan iska suke a buɗe suna zuƙa. Waɗanda suka nufi mafita sun tarar da ƙofofi a ɓoye bayan labule, da wani irin sakata na Turai da ba su san yadda ake buɗewa ba, da ƙyamaren ƙarfe da aka kulle a matakala don kada masu tikiti mai araha su sauko wurin masu tsada. Cikin kimanin kwata guda an gama. Adadin da aka fi ambata shi ne mutum 602.

An tuhumi mutane da dama, an kai manajan gidan kotu, amma babu wanda aka ɗaure saboda waɗannan rayuka. Ginin kansa bai rushe ba, har an gyara shi an ci gaba da wasa a ciki da wani suna. Ta wannan fuska masu tallar ba su yi ƙarya ba, bulo da ƙarfe ba su ci wuta ba. Abin da ya sauya shi ne doka. Magajin garin ya rufe gidajen wasan birnin har sai an bincike su. Birane a Amurka da Turai suka tsaurara ƙa'idar ƙofofi masu buɗewa waje, da alamar mafita mai haske a kan layin wuta na daban, da tagogin hayaƙi masu buɗe kansu, da jiƙa labulaye da maganin wuta, da killace fitilar gawayi a cikin akwatin ƙarfe. Wani mai sayar da kayan gini a Indianapolis, Carl Prinzler, wanda ya so halartar wasan ranar amma bai samu zuwa ba, ya haɗa kai da maƙwabcinsa injiniya suka ƙera sandar nan ta kwance da ake turawa ƙofa ta buɗe ko da a cikin turmutsutsu. Ta shiga kasuwa a 1908 da sunan Von Duprin. A manyan gidajen wasan Birtaniya kuma har yau ana sauke labulen ƙarfe a ɗaga shi a gaban 'yan kallo a kowane wasa, domin kowa ya shaida cewa babu abin da ya tare masa hanya.

Kano ma ta ga irin wannan rana. Injunan majigi na gidajen silima da fitilar gawayi suke aiki a wancan zamani, fim ɗin kuma da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda in ya kama ko ruwa ba ya kashe shi domin yana samar wa kansa iskar da yake ci. Ranar 13 ga Mayu 1951 wuta ta tashi a ɗakin majigi na silimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu. A daidai waɗannan shekaru ne masana'antu suke daina yin fim ɗin naitiret.

Fitilar da ma'aikacin yau yake kallo tana hayaƙi jikar waɗancan ce, amma halinta daban. A 1959 kamfanin General Electric ya yi rajistar ƙwan halojin: zaren tangistan a cikin ƙaramin kwalban gilashin kwaz, da 'yar iskar halojin da ke kwaso ƙarfen da ya ƙafe daga zaren ta mayar masa. Wannan zagaye ba ya yiwuwa sai jikin kwalban ya haura digiri 250, saboda haka zafin ba lahani ba ne, da gangan aka yi shi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da irin wannan ƙwai yake sha zafi take zama, ba haske ba. Fitila mai wat 1,000 murhu ce da aka sa wa gilashi. Duk wani maiƙo da ya rage a jikin ƙarfenta daga injin da ya matse shi, da fentin da bai gama gasuwa ba, da ƙurar sito, dole su ƙone a kunnawar farko. Hayaƙinsu siriri ne, fari ko ruwan toka, yana tashi daga jikin gangar gaba ɗaya ko ta ramukan sama, ƙaurinsa kamar na sabon dutsen guga, kuma yana raguwa da kansa har ya ɗauke, galibi kafin a ci rabin sa'a. Shi ya sa ƙwararru suke gasa sababbin fitilu tun kafin ranar wasa: a rataye su nesa da labule, a cire ledar launi, a buɗe ƙofofi, a ɗaga haske kaɗan-kaɗan, mutum yana tsaye kusa da makashin wuta.

Ɗaya hayaƙin yana da nasa alamomin, kuma hanci ya fi ido saurin gane su. Robar da aka fi lulluɓe wayar gida da ita an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 70 ba. In ta fara ƙonewa takan fitar da iska mai yaji da ke sa ido ruwa. Wasu robobin soket da fulogi kan yi ƙarni kamar na kifi idan suka gasu. Irin wannan hayaƙi daga wuri ɗaya yake fitowa, daga inda waya ta shiga fitila, ko mazaunin ƙwai, ko fulogi, ko akwatin rage haske, kuma ƙaruwa yake yi. In ya zo tare da ƙara kamar ta suya, ko haske yana rawa, ko fis ya tsinke, magana ta ƙare: a kashe daga tushe, a zare fulogi, a bar ƙarfen ya huce, sannan a buɗe. Abin da ake yawan tararwa ba ya wuce 'yan abubuwa. Wani lokaci guntun kumfa ne ko leda ko takardar gargaɗi da aka manta a ciki. Wani lokaci kusa ce ba a ɗaure da kyau ba, wuta tana tsallake 'yar tazarar tana gasa abin da ke kewaye, wato ƙaramar fitilar gawayi a inda ba a gayyace ta ba. Wani lokaci ƙwan ya fi ƙarfin da aka rubuta a jikin fitilar, ko bai zauna daram a mazauninsa ba. Wani lokaci kuma wani ya kama gilashin kwaz da yatsu, maiƙon fata ya gasu a wurin, gilashin ya yi rauni ya kumbura. Domin haka ake goge shi da sifirit kafin a kunna.

Ko fitila lafiyayya ma tana iya tayar da gobara in aka matso da ita kusa da yadi. Ranar 20 ga Nuwamba 1992, a fadar Windsor ta Ingila, fitilar haska zane da aka bari tana jingine da labule a wani ƙaramin ɗakin ibada ta kunna wutar da ta shafe sa'o'i 15 tana ci, ta lalata ɗakuna 115, gyaransu ya ci fam miliyan 36 da rabi. Shekaru 89 ke nan bayan Iroquois, kuma labarin bai sauya ba: fitila, da gefen labule. A wannan shekarar ce kamfanin ETC ya fito da fitilar Source Four, wadda madubinta yake tura haske gaba ya bar yawancin zafin ya fice ta baya, har ƙwai mai wat 575 ya yi aikin mai wat 1,000.

Fitilun LED da suka mamaye dandamali da zaurukan biki a yanzu sun sauya hukuncin gaba ɗaya, kuma a nan ne tsohon hannu ma yake iya yin kuskure. Jikinsu ba ya yin zafin da zai gasa fenti. Saboda haka babu wani hayaƙin sabunta da za a jira ya wuce. Duk hayaƙin da ya fito daga fitilar LED, wani abu ne ya ƙone a cikin allon lantarkinta. Sanadin da aka fi sani shi ne a jona ta a layin tsohuwar na'urar rage haske, wadda take rage wuta ta hanyar daddatsa ta sau 100 a kowane daƙiƙa. Zaren tangistan bai damu da wannan ba. Ƙaramin injin sauya wuta da ke cikin fitilar LED kuwa cikakkiyar wuta yake so, umarnin rage haske kuma ta wata siririyar waya daban yake karɓa, bisa tsarin DMX512 da aka amince da shi a 1986.

Ga mai aiki a Kano ko Yamai akwai ƙarin abin lura da ba a cika rubuta shi a littafin na'ura ba. Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 230 ne, ta Amurka kuma 120, ga kayan gwanjo suna shigowa daga can. Ƙwan da aka yi don 120 in ya sha 230 zai yi walƙiya ɗaya ya mutu; in fitilar mai taransifoma ce ko fanka, hayaƙi za ta yi tukuna. Wasu na'urori suna da ɗan maɓalli ja a baya na zaɓar ƙarfin wuta, kuma sau da yawa shi kaɗai ne bambancin sabuwar fitila da gawarta. Fulogi mai ƙafa uku irin na Birtaniya amfiya 13 yake ɗauka, fitila mai wat 1,000 kuma tana jan fiye da amfiya 4, don haka uku sun cika shi, ta huɗu wayar za ta fara gasawa, musamman in an bar ta a naɗe a kan gangarta inda zafi ba ya samun mafita. Mafi muni shi ne janareta mai layi uku da wayar nutural ɗinsa ta saki. A wannan hali wutar ba ta rabuwa daidai: layin da aka ɗora wa kaya da yawa sai ya dushe, wanda ke da kaya kaɗan kuma ƙarfinsa ya yi sama, yana iya dosar bolt 400. Alamarsa ita ce fitilu da yawa su yi hayaƙi a lokaci guda a gefe ɗaya na zaure alhali na ɗaya gefen suna ci da ƙyar. Wanda ya ga haka ba fitilun zai buɗe ba. Mita zai ɗauka ya nufi inda janareta yake, ya auna tsakanin kowane layi da nutural kafin a sake jona ko da ƙwai ɗaya.